Yadda Ake Dunƙula Gawayi Daga Totuwar Masara, Ɓawon Gyaɗa Da Ɓuntun Shinkafa

Duk wanda ya bi hanyar Dadin Kowa da kaka, ko ya ratsa ƙauyukan Akko da Kwami bayan an gama casar masara, ya ga tarin totuwa a bayan gidaje da tsibin ɓuntu a bayan injin gyaran shinkafa. Wani an cinna masa wuta yana ta turnuƙe gari, wani kuma an bar wa ruwan sama ya kwashe shi zuwa kwari. A cikin garin Gombe kuwa uwargida na can tana lissafin kuɗin gawayi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya hau kan komai, gas da kananzir suka fi ƙarfin da yawanmu, aka koma wa gawayi. Shi ma da ya ga ana rububinsa sai ya ɗaga kai.

Kaka huɗu ke nan ina mayar da irin wannan shara gawayi a wani fili bayan gidana. Da shi muke girki, ragowar kuma masu shayi biyu da wata mai tuyar masa ke ɗauka. Kada wani ya ruɗe ka cewa sana'a ce da za ta kai ka Makka a shekara guda. Rufin asiri ce, kuma akwai baƙin jiki da tari a cikinta.

Kafin ka taɓa komai, riƙe wannan. Idan abu ya ci wuta da isasshiyar iska, toka yake zama. Idan zafi ya ratsa shi amma aka hana shi iska, ruwan jikinsa da hayaƙinsa su fita, abin da ya rage shi ne gawayi. Aikin duka bai wuce sanin lokacin da za ka ba wuta iska da lokacin da za ka shaƙe ta ba. Sauran kuwa daka ne da kwaɓi, wanda duk mai cura fura ya iya.

KAYAN AIKI

- Duron ƙarfe mai cin lita 200, da falle ɗaya na langa-langa mai kauri da zai rufe bakinsa.
- Duwatsu ko bulo 3 na girke duron, kamar murhu.
- Sanda mai kauri kamar taɓarya, wadda ta ɗan fi duron tsawo.
- Yashi ko ƙasa mai danshi, kamar bokiti 3, da shebur.
- Turmi da taɓarya waɗanda aka daina daka abinci da su. Idan babu, buhu mai ƙwari da ƙulki.
- Rariya mai ɗan manyan ido. Wayar taga da aka kafa a katako ma ta isa.
- Babban baho na kwaɓi, tukunya da muciya.
- Sitacin rogo, ko abin da zai maye gurbinsa, zan zo kansa.
- Madunƙuli: guntun bututun ƙarfe mai faɗin inci 2 da tsawon inci 4, da ɗan ƙarfe ko katako mai shiga cikinsa cif, da guduma.
- Takunkumi, safar hannu ta fata, takalmi rufaffe, da bokitin ruwa a kusa.

1. ZAƁEN SHARA

Ba duk abin da aka zubar ke zama gawayi ba, kuma ba duk wanda ke zama ne ya cancanci wahalarka ba. A wurina totuwar masara ce kan gaba. Tana da tauri, iska na ratsa tsakaninta, tokarta kaɗan ce. Ɓawon gyaɗa na biye da ita, sai ƙwallon goriba da ɓawon kwakwa, waɗanda gawayinsu ya fi na kowa daɗewa a wuta amma dakansu sai mai ƙashi. Karan auduga ma yana da kyau ƙwarai, sai dai audugar da Gombe ta yi suna da ita a da yanzu ta ja baya, sai ka yi sa'a. Ɓawon rake da tuƙarsa da ake sharewa a bakin kasuwa suna yi idan sun bushe. Garin katako na masu yankan katako shi ma haka.

Kada ka raina garin gawayin da ke taruwa a gindin buhunan masu sayar da gawayi. Wannan an riga an ƙona maka shi, tankaɗe kawai yake jira. Sai dai wasu da tsintsiya suke haɗo shi har da yashin ƙasa. Ɗebi tafi ɗaya ka zuba a kofin ruwa ka motsa. Abin da ya kwanta a gindi nan take yashi ne. Idan ya yi yawa, ka rage kuɗi ko ka bar masa kayansa.

Ɓuntun shinkafa shi ne ya fi yawa, shi ne kuma ya fi yaudara. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ce, irin mai kama da yashi wadda wuta ba ta ci. Idan ka ƙona shi ya rage nauyi, tokar nan tana nan daram, rabonta ma ƙaruwa yake. Shi ya sa dunƙulen ɓuntu zalla ke lulluɓe kansa da toka ya shaƙe wutar. Ana amfani da shi, amma a matsayin cikon gauraya.

Harawa, dusa da karan dawa kuwa ka bar wa masu kiwo. Kuɗin da za ka samu a kansu ɗanye ya fi na gawayinsu, kuma gona ma tana son a bar mata wani abu ya ruɓe a kanta.

Waɗannan kada su kusanci duronka: leda, roba, taya, tsumman nailan, batir, baƙin mai, katako mai fenti ko falawud mai gam, sharar asibiti, da duk abin da ya taɓa maganin feshi. Gubarsu na bin hayaƙi ta shiga ƙirjinka, ta kuma bi gawayin ta hau tsiren da za a gasa da shi. Robobi, gwangwani da ƙarfe ka tara su gefe, 'yan jari-bola na saye a kan sikeli. Ragowar abinci, ɓawon kayan miya da kashin dabbobi kuma ramin taki ne wurinsu.

2. SHANYA

Baza kayan a rana kwana 2 ko 3. Totuwar da ta bushe tana karyewa ƙas, ba ta lanƙwasa. Jiƙaƙƙen kaya hayaƙi kawai zai ba ka, da rigimar maƙwabta. Dogayen abubuwa kamar karan auduga ka sassara su su zama kamar tsawon tafin hannu.

3. GYARAN DURO

Tambayi abin da duron ya taɓa ɗauka. Idan fetur ne ko wani sinadari, kada a kusantar masa da wutar walda sai an wanke shi an cika shi da ruwa fal. Duron da ake ganin babu komai a ciki yana iya riƙe tururin mai, kuma tartsatsi ɗaya ya isa ya tarwatsa shi. Wanda aka zuba maganin ƙwari a ciki kuwa, ko kyauta aka ba ka, ka ce ka gode.

Ka sa mai walda ya huda gindin wuri 5 ko 6, kowace huda kamar faɗin ƙaramin gwangwanin tumatir. A sama ya yanke baki ɗaya kamar faɗin babban faranti, kada ya cire saman gaba ɗaya. Idan ka samu duron da samansa a buɗe yake, ba laifi, ka yi masa murfi biyu: ɗaya mai huda a tsakiya na lokacin ƙona kaya, ɗaya rufaffe na shaƙe wuta. Kafin aikin farko ka hura wuta a ciki da kara, fenti da dattin jikinsa su ƙone.

Wanda ba shi da duro ya haƙa rami mai zurfin gwiwa, ya hura wuta a ciki, ya riƙa zuba totuwa kaɗan-kaɗan, duk sanda ta sama ta fara yin fari-fari ya ƙara wata a kai, idan ramin ya cika ya rufe da langa-langa ya bi da ƙasa. Yana yi, sai dai asara ta fi yawa kuma ƙasa na shiga gawayin.

Wurin aiki ya zama nesa da danga, rumbu da ɗakin ciyawa, kuma ka duba inda iska ke kaɗawa. A shekarata ta farko na kunna da hantsi, iskar hunturu ta kwashi hayaƙin ta zuba a tsakar gidan da ke yamma da ni, inda aka shanya kayan wanki. Kafin azahar an aiko yaro wai mai unguwa na nemana. Na je na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure ne." Ya ce, "Malam, gawayinka muke so, ba hayaƙinka ba." Tun daga ranar, da sanyin asuba nake kunnawa, kafin iska ta tashi.

4. LODI DA KUNNA WUTA

Girke duron a kan duwatsun nan uku. Cusa busasshiyar ciyawa ko ɓawon masara a hudojin gindi, ka bar jelarsu na leƙowa ƙasa kamar lagwani. Tsayar da sandar nan a tsakiya, ka zuba kaya kewaye da ita har baki. Kada ka danna da ƙafa. Girgiza duron kawai su zauna. Idan kana haɗa iri biyu, manya a ƙasa, ƙanana kamar ɓawon gyaɗa a sama, don kada su toshe hudojin. Sai ka zare sandar a hankali. Ramin da ta bari shi ne maƙogwaron wutar.

Kunna ciyawar ta ƙasa, duk hudojin a lokaci guda. Ba a sa kananzir, balle fetur.

5. KARATUN HAYAƘI DA SHAƘE WUTA

Nan ne gizo ke saƙa. Ajiye waya, kada ka tafi ko'ina.

Da farko hayaƙi zai fito fari, mai kauri kamar gajimare. Ruwan jikin kayan ne ke fita. Idan ka miƙa hannu ta gefensa za ka ji danshi. Wannan kan ɗauki kamar minti 10, ya fi haka idan kayan ba su bushe sosai ba.

Daga nan sai ya fara sauya launi, ya yi ruwan ɗorawa-ɗorawa, warinsa ya yi kaifi yana sa hawaye. Wannan hayaƙin makamashi ne, yana kamawa da wuta. Kunna guntuwar takarda ko ciyawa ka jefa bakin duron daga nesa. Zai kama da wani irin "bub", harshen wuta ya tashi, hayaƙin ya kusan ɓacewa. Na ce daga nesa, domin ni da na leƙa in ga ko ta kama, rabin gemuna da girata ɗaya suka tafi, na yi mako biyu ina amsa tambaya a masallaci. Idan ka jefa bai kama ba, jira minti 2 ka sake.

Bar ta ta ci. Ga totuwa, minti 10 zuwa 15 ya kan isa. Kaya marasa nauyi kamar ɓawon rake ba sa kai haka, ƙwallon goriba kuwa ya kan wuce. Amma kada ka dogara da agogo, ido ne alƙali. Za ka ga kayan sun zauna sun koma wajen rabin duro, harshen wuta ya rage tsawo ya daina ruri, ɗan hayaƙin da ke fita ya zama siriri mai shuɗi-shuɗi. To, lokaci ya yi. Duk mintin da ka ƙara bayan wannan, gawayinka ne ke zama toka.

Sa safar hannu. Ɗora rufaffen murfi. Sai mutum ɗaya ya tallafi duron da sanda, ɗayan ya ture duwatsun ɗaya bayan ɗaya, a sauke shi ƙasa a hankali. Aikin mutum biyu ne, kada ka yi jarumta. Bi gindin da yashi kewaye, ka bi bakin murfin ma. Zagaya ka duba: duk inda ka ga zaren hayaƙi na fita, to iska na shiga ta nan, ɗora masa yashi.

Bar shi aƙalla awa 3. Ni kwana nake barinsa. Gawayi mai zafi idan ya shaƙi iska sake kamawa yake, kuma ba ya sanarwa. Na taɓa juye gawayin da bai gama hucewa ba a buhu don ina sauri, na jingina shi a zaure. Cikin dare warin ƙauri ya tashe mu, muka tarar buhun ya zama garwashi har ya fara lasar ƙofa. Allah ne ya kiyaye. Yanzu ko ya kwana, sai na baza shi a ƙasa na tura hannu ciki na ji babu ɗumi kafin ya ga buhu.

Idan ka buɗe, ɗauki totuwa ɗaya ka karya. Wadda ta yi tana da baƙi har ciki, ba nauyi, tana murƙushewa a hannu. Wadda cikinta ke da ja-ja ɗanya ce, ware ta ka mayar a lodi na gaba, domin ita ce ke sa dunƙule hayaƙi. Idan ka tarar da farar toka da yawa, ka makara wajen rufewa ko akwai inda ya yi yoyon iska. Aiki idan ya yi kyau, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin abin da ka zuba za ka kwasa. Kada ranka ya ɓaci da ganin duro cike ya koma ɗan kaɗan, haka abin yake. Karo biyu ko uku na farko ma ka ɗauke su kuɗin makaranta.

6. ƁUNTU DA GARIN KATAKO: TASU HANYAR DABAN

Waɗannan idan ka zuba su a duro toshewa suke, wuta ta mutu. Sai a juya aikin: wuta a ciki, kaya a waje.

Samo tsohuwar garwa ko babban gwangwanin fenti da aka ƙone, a huhhuda jikinsa ko'ina da babbar ƙusa, a yanke gindinsa a dasa masa bututun hayaƙi na langa-langa mai tsawon kamar ƙirjin mutum. Hura wuta da 'yan itatuwa a ƙasa, idan ta kama sosai ka kifa garwar a kai. Sai ka tara ɓuntu kewaye da ita kamar tsibin gyaɗa, buhu 3 ko 4, bututun kaɗai ke leƙowa. Zafi zai riƙa cin ɓuntun daga ciki zuwa waje. Duk inda ka ga baƙi ya ɓullo a jikin tsibin, ɗebo ɗanye daga gindi da shebur ka rufe wurin. Yana cin awa 4 zuwa 6, wani lokaci fiye. Manoman Japan sun daɗe suna ƙona ɓuntu ta wannan hanya suna zuba wa gona, don haka idan ya yi maka yawa, masu renon dashe da masu lambu za su karɓa.

Idan kusan duka ya yi baƙi, ture bututun da sanda, baza ɓuntun, ka yayyafa ruwa har ya daina tururi. Yayyafi na ce, ba ambaliya ba. Ka sake juyawa ka duba, ɓuntu na ɓoye wuta kamar mugun maƙwabci. Sai a shanya.

7. DAKA DA TANKAƊE

Ɗaura takunkumi. Ɗan yayyafa ruwa a kan gawayin don ƙura ta kwanta, ka daka, ka tankaɗe. Laushin tsaki-tsaki ake so, tsakanin garin tuwo da tsakin masara. Idan ya yi manya dunƙulen zai rushe. Idan ya yi laushi kamar kwalli zai sha sitaci da yawa kuma ya yi wuyar kamawa. Abin da ya ƙi wucewa a rariya a mayar turmi.

Gaurayar da na zauna a kanta ita ce mudu 3 na garin totuwa ko garin gawayin itace, mudu 1 na ɓuntu. Ɓawon gyaɗa na iya shiga ko'ina a cikin ukun nan.

8. DAMA SITACI

Garin gawayi ba ya kama kansa, ko za ka danne shi da mota. Sai da abin ɗauri. Idan kana da sikeli, kilo 10 na gari yana son sitaci tsakanin rabin kilo da kilo 1. Idan babu, gwangwani 1 na sitaci ga gwangwani 20 na gari. Ni da haka nake farawa, in ƙara ko in rage gwargwadon yadda kayan suka karɓa.

Ɗora ruwa kamar lita 4 ya tafasa. Dama sitacin da ruwan sanyi lita 1 a gefe, ka zuba a hankali kana juyawa da muciya, daidai yadda ake talge. Zai tashi daga fari ya koma mai sheƙi yana yauƙi. Nan ya nuna. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne zuba ɗanyen sitaci a cikin gari su kwaɓa da ruwan sanyi. Ɗanyen sitaci ba ya ɗaure komai. Dunƙulen zai yi kyau a jiƙe, ranar da ya bushe ya koma gari.

Idan sitaci ya yi tsada ko babu:

Garin rogo ko na alabo yana yi, ka ɗan ƙara yawansa, gwangwani 1 ga 15. Garin masara ko dawa da ya yi ƙwari, ko sharar injin niƙa, duk suna yi idan an dafa su. Ƙaro, idan ka jiƙa shi ya kwana ya narke, ɗaurinsa ya fi na kowa, amma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Yumɓu ko ƙasar suri kuwa kyauta ne: mudu 1 ga mudu 10 na gari, a jiƙa a tace tsakuwa. Yana sa dunƙule nauyi da daɗewa a wuta, amma yana ƙara toka yana rage zafi, don haka kada ka haɗa yumɓu da ɓuntu mai yawa a kwaɓi ɗaya. Na fi son rabin sitaci, ɗan yumɓu kaɗan. Tsofaffin takardu da kwali da aka jiƙa kwana 3 aka kirɓa su ma suna ɗaurewa, sai dai suna ɗan hayaƙi. A duba su tukuna, duk mai ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ware ta.

9. KWAƁI

Zuba talgen a kan garin tun da ɗuminsa, ka juya da shebur, idan ya huce ka sa hannu. Cuɗa sosai har babu inda ya rage busasshe. Gwajinsa a tafin hannu yake: damƙi cikin hannu ka matse. Idan ruwa ya tsattsafo ta tsakanin yatsu, ya yi yawa, ƙara gari. Idan ka buɗe hannu ya wargaje, ƙara ɗan ruwan ɗumi. Idan ya tsaya da shatin yatsunka a jiki, ya yi. Kwaɓa iya wanda za ka dunƙule a ranar, domin idan ya kwana tsami yake yi, ɗaurin ya saki.

10. DUNƘULAWA

Ajiye bututun a tsaye a kan katako mai santsi. Cika shi da kwaɓi, sa ɗan ƙarfen a kai, ka ba shi guduma 3 ko 4 masu kyau. Ɗaga bututun ka turo dunƙulen waje. Matsi shi ne ƙarfin gawayin nan: wanda aka matse sosai ya fi daɗewa a wuta, ya fi jure tafiya a buhu.

Idan mai walda zai dasa maka ƙusa mai kaurin yatsa a tsakiyar wani faifan ƙarfe da bututun zai zauna a kai, dunƙulen zai fito da rami a ciki. Mai rami ya fi saurin bushewa, ya fi saurin kamawa. Idan aiki ya bunƙasa sai a haɗa maka bututu 4 ko 6 a jere masu murfi ɗaya, ko a ƙera maka irin injin niƙa nama mai turo shi kamar tsiran alade kana yankawa.

Babu bututu? Gwangwanin tumatir da aka cire wa gindi ya isa. Babu shi ma? A cura da hannu kamar fura. Surukata da ta zo ganin jikoki ta tarar da ni ina fama da guduma, ta ce, "Ɗan nan, duk wannan ƙara ta mece ce?" Ta zauna ta cura cikin faranti kafin in gama goma. Nata bai kai nawa ƙwari ba, amma na girkin gida ba ruwansa. Kada dai curin ya wuce girman ƙwan agwagwa, in ba haka ba waje zai bushe ciki na jiƙe.

11. SHANYAR DUNƘULE

Jera su a kan zana, waya ko langa-langa da aka ɗaga daga ƙasa, kada su taɓa juna. Ranar farko na fi son inuwa mai iska, domin ranar bazara ta Gombe idan ta buge su tun suna jiƙe tsattsagewa suke. Daga rana ta biyu a fito da su, a riƙa juyawa. Da rani kwana 3 zuwa 5 ya isa. Da damina sai mako guda ko fiye, kuma a rufe su da dare. Shi ya sa mai hankali ke yin na damina tun daga kaka zuwa bazara. A kula da awaki da kaji. Ƙamshin sitaci na jawo su, abin da ba su ci ba su tattake.

Kada ka yarda da bushewar waje. Fasa ɗaya ka duba cikinsa, ka shafa a yatsa. Sannan ka saki wani daga tsayin ƙugu a kan daɓe. Idan ya tsaya ko ya rabu biyu, lafiya. Idan ya tarwatse, ko sitaci ya yi kaɗan ko matsi bai isa ba. A mayar turmi a sake kwaɓawa, babu asara. Na taɓa gaggawar kai wa mai shayi dunƙulen da ya yi kwana biyu kawai a shanya. Washegari ya dawo mini da shi a leda ya ce, "Maigida, wannan naka sai dai a kori sauro da shi." Sai da na ba shi mudu biyu kyauta kafin ya sake yarda.

12. HURAWA DA AJIYA

Dunƙule ya fi gawayin itace nauyin kamawa, ka gaya wa duk wanda za ka sayar wa tun kafin ya zage ka. A sa 'yan ƙiraruwa ko gutsattsarin gawayin itace a ƙasan kurfoti, a jera dunƙule a kai da 'yar tazara, a fifita. Kada a hura da leda kamar yadda wasu suka saba. Idan ya kama, zafinsa na tafiya bai-ɗaya ba tartsatsi, shi ya sa masu dafa wake da masu shayi ke sonsa. Mai son wuta mai ruri nan take, kamar mai suyar ƙosai, ya gauraya da na itace.

Ba a tona shi da ƙarfe kamar gawayin itace, rushewa yake. Idan toka ta lulluɓe shi, ɗan buga gefen kurfotin ta zube. Idan an gama girki kuma kada a kashe da ruwa, zai narke ya koma kwaɓi. A juye a tsohuwar tukunya a rufe, gobe a ƙarasa da shi. Tokar a tara wa gona ko a goge tukwane da ita.

Rashin hayaƙinsa kada ya sa a shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa da sanyin hunturu. Kowane irin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. A yi girki a fili ko inda iska ke ratsawa. Wanda ya fara jin ciwon kai, jiri ko tashin zuciya kusa da garwashi a fitar da shi waje nan take, idan ya galabaita a wuce da shi asibiti.

Wajen ajiya, a sa a buhun da ke numfashi, ba leda ba, a ɗora a kan katako nesa da bango, domin danshi na sa shi fumfuna, ɓeraye kuma na bin sitacin. Kada a jibga fiye da buhu 3 a kan juna. Ɓurɓushin da ya taru a gindin buhu a juye shi cikin kwaɓi na gaba.